Dan Allah me ya kamata in tanada a gida saboda kyanwa ko kare idan sun ji ciwo?

Maman_Biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema, ku yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsayi don har yanzu abun yana raina.

Muna zaune a Zariya, muna da kyanwa biyu a gida, uwa da ɗanta, uwar ta kai shekara 4 a wurinmu tun tana 'yar mitsitsiya yarana suka tsinto ta a bakin kwata, sai kuma kare ɗaya na gadi da maigidan ya kawo bara bayan an haura mana katanga. Toh daren juma'ar da ta wuce wajen ƙarfe 11 ba wuta, ina kwance na ji kukan ƙaramin, irin kukan da ban taɓa jin ya yi ba, na fito da tocilan waya na same shi a gindin tankin ruwa ƙafarsa ta baya sai jini take, ashe wani guntun kwano da masu gyaran rufi suka bari ne ya yanke shi, tsagar ta kusa tsawon ɗan yatsana. Wallahi hankalina ya tashi, na shiga ɗaki na birkice durowa kaf ban samu komai ba sai auduga da sifirit da rabin kwalbar Dettol, ko bandeji ɗaya babu a gidan. Na zo zan ɗauke shi ya yakushe ni a hannu har wuri uku, kyanwar da kullum a cinyata take barci.

Maƙociyata ta ji hayaniya ta leƙo, da kyakkyawar niyya ta ce in raba ƙwayar farasitamol gida huɗu in daka kashi ɗaya in zuba masa a madara ko zafin ciwon zai ragu. Na daka fa, har na zuba a murfin kwano, Allah ya sa ya suɓuce ya shige ƙarƙashin gado ya ƙi fitowa. Haka muka kwana ina leƙa shi da tocila. Da safe muka naɗe shi a zani muka kai asibitin dabbobi aka yi masa ɗinki, da na ba likitan labarin maganin sai ya ajiye abun da ke hannunsa ya kalle ni ya ce Hajiya ki gode wa Allah da bai sha ba, da ba ciwon ƙafar ne zai kashe shi ba. Tun daga nan jikina ya yi sanyi.

Shi ne nake so in haɗa ɗan akwati na musamman saboda su, wanda ko tsakar dare abu ya faru zan san inda zan sa hannu. Me da me zan saka a ciki? Wane magani na mutane ne za a iya ba su, wanne ne ba a ba su? Kuma na kare da na kyanwa ɗaya ne ko kowa da nasa? Wanda ya sani dan Allah ya taimaka.

Baba_Mai_Gona:

Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah ya ba shi lafiya, Allah ya kiyaye gaba. Ni ba likita ba ne, amma na fi shekara 20 ina riƙe karnuka a gona a wajen Toro, abun da na gani da idona zan faɗa miki.

Abu na farko da za ki saka ba magani ba ne ma, abun kare kanki ne. Yakushin nan da ya yi miki ba ƙiyayya ba ce, dabba in tana jin zafi ba ta san mai ita ba. Ina da wani kare da na raina tun idonsa bai buɗe ba, ranar da tarkon waya ya kama masa ƙafa na durƙusa zan kwance shi ya kafa min haƙori a tsintsiyar hannu, tabon yana nan har yau, kuma da gari ya waye shi ne ya zo yana lasar ƙafata. Don haka ki samu tsohon tawul mai kauri ki ajiye musamman saboda kyanwa, ki lulluɓe ta da shi gaba ɗaya ki naɗe kamar jinjiri ki bar ƙafar da ta ji ciwo kawai a waje, wani ya riƙe ke ki yi aiki. Shi kuma kare takunkumi ake sa masa, in ba ki da na saye tsohon ɗankwali ma ya isa, ki zagaya bakin da shi ki ɗaure a ƙarƙashin haɓa sannan ki kai bakin zaren bayan kunnuwa ki ƙulle. Amma in yana amai ko numfashinsa na sama sama kar ki ɗaure masa baki ko kaɗan. Ki koya wa maigidan wannan ɗaurin tun yanzu da karen yake lafiya, ba ranar da abu ya faru ba.

Sai maganar jini. Ki sayi gos a kemis, wannan farin ƙyallen mai raga raga da ake sa wa ciwo, da yawa ba ɗaya biyu ba, da bandeji na naɗi kamar uku, da filasta, da ƙaramin almakashi mai dakusasshen baki. Auduga kar ki ɗora ta kai tsaye a kan ciwo, mannewa take yi, ranar cirewa sai ciwon ya dawo sabo. In jini na zuba ki ninka gos ki danne da hannu ki duba agogo minti 5 cur ba ɗagawa, kuskuren da kowa ke yi shi ne leƙawa, ana ɗagawa a ga ko ya tsaya jinin da ya fara daskarewa ya ɓalle. In ya jiƙe ki ƙara wani a kai kar ki cire na ƙasan. Naɗin kuma kar ya matse, ki iya zura yatsa a ciki, ki dinga taɓa tafin ƙafar, in ya kumbura ko ya yi sanyi ki kwance ki sake.

Wankin ciwo ni ruwan gishiri nake yi, ledar fiya wata ɗaya rabin lita ce, ki tafasa ta huce ki zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya a shafe ba a cike ba, ki zuƙa a sirinji babba wanda aka cire wa allura ki dinga fesawa cikin ciwon har ƙasa da tsakuwa su fita. Ƙaramin ciwo wanda bai yi zurfi ba ina shafa zuma mai kyau in rufe, ta sha yi min aiki.

Ki saka hantsaki saboda kaska da ƙaya, da Vaseline, da tocila mai batir wadda ba ta waya ba don hannu biyu za ki buƙata. Vaseline ɗin saboda tsutsar nan ta damina ce da ke shiga fatar kare musamman ƴan kwikwiyo, za ki ga ƙurji ya taso da ɗan rami a tsakiya, ki toshe ramin da Vaseline ta rasa iska ta leƙo sai ki matsa a hankali ta fito ɗungurungum. Ƙuda ne ke yin ƙwai a ƙasa inda fitsari yake, shi ya sa wurin kwanan kare yake son shara kullum.

Ɗaya kuma da nake roƙon kowa da Allah ya bari, shafa wa kare baƙin man inji wai maganin ƙazuwa. Na ga karen da aka yi wa haka, fatar ta ƙone, ya lashe man ya kwana yana amai. Dabbar nan amana ce a hannunmu, mun san hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare ruwa, da na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta ɗaure.

Dakta_H:

Sannu Hajiya, ya mai jiki? Baba ya gama magana a kan jini da ɗauri, ba abun da zan ƙara sai dai in ce ki sa safar hannu ta roba ko guda 10 a akwatin. Ni likitar dabbobi ce, bari in taɓa ɓangaren magani don nan ne aka fi yi mana ɓarna, yawancin dabbobin da ke mutuwa a hannuna bayan an yi musu magani a gida ba rashin kulawa ya kashe su ba, kulawar ce ta zo ta hanyar da ba daidai ba.

Tambayarki ta wane maganin mutane za a ba su, amsata a taƙaice kar ki sa ƙwayar maganin mutane ko ɗaya a akwatin nan. Farasitamol hantar kyanwa ba ta iya narkar da shi yadda tamu ke yi, sai ya lalata jinin ya kasa ɗaukar iska, dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska da ƙafafu su kumbura, numfashi ya gagara, ƙwaya ɗaya ta 500mg ta isa ta kashe babbar kyanwa, kashi ɗaya cikin huɗun da kika daka kuwa ga ɗan ƙarami ba wasa ba ne. Ibuprofen da diclofenac da mutane ke sha don ciwon jiki su kuma kare da kyanwa duka suke yi wa illa, gyambon ciki da mutuwar ƙoda. In dabba na jin zafi akwai nasu maganin, likita ne zai auna nauyinta ya ba ta. Da muguwar rawa gara ƙin tashi, in ba ki da tabbas ki bar ta da zafin zuwa safe ya fi.

Dettol ɗin nan ma da kika ambata ki raba shi da kyanwa. Duk wani maganin wanki da in an ɗiga a ruwa yake komawa fari kamar madara, har da Izal, ba na jikin kyanwa ba ne, don ita komai ya taɓa gashinta sai ta lashe, ko tsakar gida kika wanke da shi ki bari ya bushe kafin ta taka. Sifirit kuma zafi kawai zai ƙara mata ya cinye naman ciwon. Abun da za ki saya shi ne aidin, wanda aka rubuta povidone a jikin kwalbar, ki sirka da ruwa har ya yi kalar shayi marar kauri, bayan kin wanke da ruwan gishirin da Baba ya faɗa. Wannan ya yi wa kare ya yi wa kyanwa.

Kin tambaya ko nasu ɗaya ne. Kayan ɗauri da wanki ɗaya ne, amma maganin kaska da ƙuma sam ba ɗaya ba ne, tunda kina da su duka biyun ki riƙe wannan da kyau. Akwai maganin kaska na kare mai sinadarin permethrin, ga kare lafiya lau, kyanwa kuwa ko jikin karen ta goga bayan an ɗiga masa sai ki ga tana karkarwa tana farfaɗiya. Ki dinga karanta jikin kwali, in ba a ce na kyanwa ba ne to ba nata ba ne. Haka allurar ivermectin ta shanu da ake saya a kasuwa a tsira wa kare da ka, an kashe ƴan kwikwiyo da yawa da ita saboda ba a auna ba.

Ki sayi tamomita ta dijital ki rubuta mata suna don kar a haɗa da ta yara. Ta dubura ake aunawa, a shafa Vaseline a bakin a zura kaɗan. Zafin jikinsu na lafiya ya fi namu, daga 38 zuwa 39.2 ne, don haka in kin ga 38.5 kar ki ce zazzaɓi ne. Ya kai 40 ki kira likita. Kuma ki saba ɗaga leɓen karen kina kallon dasashi tun yana lafiya don ki san kalarsa, ja ja ne mai haske, in kin danna da yatsa ya yi fari ya kamata kalar ta dawo cikin daƙiƙa 2. Dasashi fari fat alamar jini ya yi ƙasa ne, ko zuba yake a ciki ko ciwon da kaska ke kawowa. Ita kaskar ki kama ta da hantsaki dab da fata ki ja a miƙe, ba kananzir ba ashana.

Lokacin zafin Maris da Afrilu kuma karen da aka ɗaure a rana ko a keji mai rufin kwano yana iya mutuwa cikin awa ɗaya, kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafi. In kin gan shi harshe waje yana tangaɗi ki kai shi inuwa ki kwara masa ruwan randa a ciki da wuya da cinyoyi ki yi masa fifita, sannan a tafi asibiti, a fara sanyayawa kafin a kama hanya.

Ki sa ORS ko leda 3, da sirinji ƙarami na ba da ruwa ta gefen baki kaɗan kaɗan, amma wannan na riƙe rai ne kafin a iso wurinmu. Kwikwiyo mai amai da zawo da jini mai ƙarni ciwon fabo ne sau da yawa, ORS kaɗai ba zai fitar da shi ba sai ƙarin ruwa, rigakafinsa kuma tun yana sati 6 zuwa 8 ake farawa.

Sai wanda ya fi damuna a labarinki, yakushin hannunki. An taɓa yi wa kyanwowin nan allurar haukan kare? Mutane sun ɗauka kare kaɗai ke ɗauka, kyanwa ma tana ɗauka ta kuma ba mutum. Duk cizo ko yakushi a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a sa aidin, a je asibitin mutane ranar a faɗa musu, su za su ce ko ana buƙatar allura. Dabbar kuma a sa mata ido kwana 10, in ta canza hali ko ta daina ci ko ta mutu a koma asibiti da gudu. Ciwon nan in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Allurar ana yi wa dabba daga wata 3 a maimaita duk shekara, a nan ƙasar ma ana haɗa maganin allurar a cibiyar binciken dabbobi ta Vom kusa da Jos. Ranar 28 ga Satumba ita ce ranar yaƙi da ciwon a duniya, wurare da dama ana yin allurar kyauta a lokacin, amma ke kar ki jira ta. Katin rigakafin ki sa a leda ki ajiye cikin akwatin, ranar da karenku ya ciji ɗan maƙota katin nan ne zai raba gardama.

Tunda a Zariya kike ai kin yi sa'a, ga asibitin koyarwa na dabbobi na jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Ki karɓi lambar likitan da ya yi ɗinkin ki tambaye shi ko yana ɗaga waya da dare, ki rubuta da maka a murfin akwatin, da ta mai adaidaita ɗaya da kika yarda da shi.

Ɗan_Fagge:

Dakta Allah ya ƙara sani, amma ni akwai inda ban gane ba. Ba ki ce komai ba a kan guba, kuma mu nan abun da ya fi kashe mana karnuka da maguna ke nan, maganin ɓera da ake zubawa a lungu. Mu dai tun muna yara abun da muka sani in dabba ta ci guba a ɗura mata manja ko madara, wasu su dama gishiri mai yawa a ɗura don ta amayar. Ni da kaina na ɗura wa magenmu manja shekarun baya da ta ci ɓeran da ya sha magani kuma ta tashi, tana nan ta ƙara shekara uku a duniya. To yanzu in ba a yi haka ba tsakar dare mutum ya zauna yana kallo ta mutu ne? Ba musu nake ba wallahi, so nake in sani, ni da na ce ma Hajiya ta sa kwalbar manja a akwatin.

Dakta_H:

Malam tambayarka tana kan hanya, na san da yawa abun da ke ransu ke nan. Magenku Allah ne ya yi da sauran kwananta, wataƙila gubar da ke jikin ɓeran ba ta da yawa. Manja ba ya kashe guba, kuma ɗura wa dabbar da ke shure shure mai ko madara sau da yawa huhu yake tafiya, ta tsira daga gubar bayan kwana biyu ciwon huhu ya ɗauke ta. Gishirin ya fi muni, shi kansa guba ne in ya yi yawa, ƙwaƙwalwa yake kumburawa.

Gubar ma ba iri ɗaya ba ce shi ya sa magani ɗaya ba zai yi musu duka ba. Akwai irin su otapiyapiya da Sniper, dabba za ta dinga dalalar da miyau tana karkarwa tana zawo ƙwayar idonta ta tsuke, wannan akwai allurarsa, atropine, kuma tana aiki sosai in an zo da wuri, minti ake ƙirgawa ba awa ba. In a jiki ya zuba a wanke da sabulu da ruwa da safar hannu. Akwai baƙin garin nan mai warin tafarnuwa, shi in ya haɗu da ruwan ciki iska mai guba yake fitarwa, abinci ko madara ƙara masa ƙarfi suke yi, kuma aman ma yana iya illata wanda ya shaƙa, a fitar da dabbar waje inda iska take. Akwai kuma mai tsinka jini, shi ne mayaudarin, kare zai ci ya yi kwana 3 zuwa 5 garau sai a ga jini ta hanci ko a kashi, mutum yana can yana cewa manja ya yi aiki. Maganinsa bitamin K1 na makonni.

Abun da za ka yi da daren shi ne ka kira likita tun kafin ka fita, ka ɗauki kwalin ko kwalbar ko ragowar abun da ta ci a leda ka taho da shi, wannan ledar ta fi min komai amfani. Gawayin asibiti da ake sayarwa a kemis ana iya ajiyewa a akwati, ba na murhu ba, amma sai likita ya ce a ba da kuma dabbar tana iya haɗiya. In kananzir ko fetur ko sodar sabulu ta sha kar a sa ta amai sam, ƙonewa biyu za ta yi.

Maciji ma haka, ba tsagawa ba ɗaure ƙafa ba tsotsa, a ɗauke ta a hannu kar ta yi tafiya a kawo. In kumurci ne ya yi mata tofi a ido a yi ta kwara ruwa mai tsabta babu ƙaƙƙautawa, ko minti 15 ne.

Mai_Tantabaru:

Ni kiwon tantabara da zomo nake yi, bari in ɗan sa baki saboda masu irin nawa da za su karanta. Tsuntsu jininsa kaɗan ne, in farce ya karye ko sabon gashi ya tsinke yana jini ka dangwala garin masara ko sitaci ka danne, yana tsayawa. Wadda shaho ya buga ko mage ta kama kuma ka sa ta a kwali mai ƴan huji a wuri mai duhu da ɗumi ka ƙyale ta ta huce, kar a yi ta juya ta ana dubawa, tsoro kaɗai na kashe su. Amma wadda haƙorin mage ya shiga jikinta ko ciwon bai fi tsinin allura ba tana buƙatar magani daga likita, na rasa guda biyu a haka ina ganin ƙaramin abu ne.

Zomo kuma dan Allah kar a ba shi amoxicillin ko ampiclox ta baki, cikinsa suke lalatawa ya yi zawo ya mutu. Kuma zomon da ya wuni bai ci ba bai yi kashi ba ba a kwana da shi a gida.

Hajiya akwatin kar ki ajiye a kicin ko bayan mota, zafi na lalata magani, kuma a sama inda hannun yara ba ya kaiwa.

Maman_Biyu:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya biya ku. Baba Allah ya ƙara girma, Dakta wallahi sai da na karanta naki sau uku na kuma karanta wa maigidan. Maganar haukan kare ɗin nan ta tsorata ni don gaskiya kyanwowin ba a taɓa yi musu ba, karen ne kawai aka yi wa kafin a kawo shi kuma katin ma ba mu san inda yake ba. Jiya da safe na je asibiti na nuna hannun na faɗa musu komai, sun duba sun ba ni shawarar abun da zan yi kuma ina bi, ƙaramin kuma yau kwana 6 yana ci yana sha yana wasa da jelar uwarsa.

Akwatin na haɗa, wata robar ajiye abinci ce mai murfi da nake da ita. Gos da bandeji da filasta da aidin da safar hannu da sirinji biyu da ORS duk a kemis ɗin bakin layinmu na samu, tamomita ce sai da na shiga gari. Na sa tsohon tawul da ɗankwali da tocila, na rubuta lambobi a murfi, a ƙasa kuma na rubuta da manyan baƙi BA A BA KYANWA FARASITAMOL saboda ranar da ba na gida. Maƙociyar tawa ma na je na faɗa mata, ta riƙe baki ta ce ita ta sha ba tata, yanzu ta ce in rubuta mata kayan ita ma. Guntun kwanon kuma an kwashe. Daren jiya mun gwada ɗaurin takunkumin a kan karen, ya tsaya shiru na farko na biyu ya cire da ƙafa, za mu ci gaba da gwadawa.

Saura tambaya biyu Dakta. Yana ta son lasar ɗinkin har ya fara jan zare ɗaya, me zan yi? Sannan asabar za mu kai su rigakafi, in haɗa da shi ko in bari ya warke?

Dakta_H:

Madalla Hajiya. Lasar kar ki bari, zai warware ɗinkin a dare ɗaya. Ki samu kwali mai ɗan laushi ki yanka shi zagaye kamar faifai, ki huda tsakiya daidai wuyansa ki tsaga gefe ɗaya ki naɗa ya zama kamar mazurari ya wuce hancinsa kaɗan, ki bi bakin da filasta don kar ya goge masa wuya, yatsa biyu su iya shiga tsakanin kwalin da wuyan. Zai yi fushi yana tafiya da baya na kwana ɗaya, ki daure, ki ɗaga masa kwanon abinci kaɗan don ya iya ci. Zaren da ya ja in bakin ciwon ya buɗe ko yana ruwa ko wari ki mayar da shi gobe kar ki jira asabar.

Uwar da karen ki kai su asabar ɗin. Shi kuma ki bari ya cika kwana 10 ɗin da ake sa masa ido, dama cire zare tsakanin kwana 10 zuwa 14 ne, ranar da za a cire sai a yi masa allurar gaba ɗaya a buɗe wa kowa katinsa.